Daga Arewa zuwa Kirkissoye: Neman Likitan da Zai Duba Kawu Gaba Ɗaya

A ƙasar Arewa ta Nijar manomi ba ya tafiya neman magani nesa sai bayan kaka. Ciwo yana iya kama shi tun ruwan shuka, amma zai daure, ya yi noma, ya yi maimai, ya jira hatsi ya shiga rumbu, wake ya yi daraja a kasuwa, sannan iyali su zauna a yi maganar mota. Haka ta kasance ga Kawu, ƙanen mahaifiyata. Tun ana noman fari ƙafafunsa suka fara kumbura, amma bai bar gari ba sai cikin sanyin Janairu na 2025, bayan an sayar da wake da rago guda, ƴaƴansa da ke ci-rani a Legas da Abijan kuma sun turo abin da ya sawwaƙa. Ni aka ɗora wa rakiya, saboda ina jin Faransanci, kuma yayata tana aure a Yamai, a unguwar Kirkissoye.

Garinmu ƙarami ne, can arewa da Dogon Dutsi. Muna da gidan likita irin wanda ake kira CSI, da manjo, wato babban ma'aikacin jinya, da ungozoma, da mai ba da magani. Mutanen nan suna aiki iyakar ƙarfinsu. Da damina, in zazzaɓin cizon sauro ya kankama, za ka tarar da yara kwance har ƙarƙashin bedi ana yi musu ƙarin ruwa, ga awon ciki, ga haihuwar tsakar dare, ga rigakafi, ga yaran da tamowa ta kama. Domin irin waɗannan aka gina wurin, kuma yana ceton rai. Amma dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, wanda kansa ke ciwo, idonsa ke hazo, ƙafarsa ta kumbura, yana yawan tashi fitsari cikin dare, yana ramewa alhali bai daina cin tuwo ba, ya fi ƙarfin abin da aka tanada a can.

Kafin a kai ga gane haka, kowace alama ta samu mai maganinta. Ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, mai tallan magani na ranar kasuwa ya ba shi ƙwayoyi ja da fari, yana sha safe da yamma. Kasala da rama, wani ɗakin shan magani na kuɗi a maƙwabcin gari ya ɗebi jininsa ya ce taifot ne, aka yi ta yi masa allura. Kumburin ƙafa, wasu suka ce sammu ya taka a gona, aka kawo jiƙo da sassaƙe. Hazon ido kuwa tabarau aka saya masa a kasuwa. Ban ga laifin Kawu ba ko kaɗan. Wanda ciwo ya hana barci, duk hannun da aka miƙo masa kamawa yake yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan gwajin taifot da ake yi cikin ƴan mintoci, wanda likitoci da kansu suka san yana yawan nuna cutar a jikin wanda ba ya da ita. Dattawa nawa ne a ƙauyukanmu ake yi wa maganin taifot shekara da shekaru, ainihin cutar tana can tana cin su?

A asibitin gunduma ne aka fara faɗa mana gaskiya. Likitan matashi ne, shi ke duba yara, shi ke duba manya, shi ke shiga ɗakin tiyata in haihuwa ta gagara. Ya auna jinin Kawu, ya sake aunawa a ɗaya hannun, ya soki yatsansa ya duba sukari, ya danna ƙafar ya ga wurin ya lotsa bai dawo ba. Sai ya ajiye alƙalami.

"Baba, abin da ke damunku ba guda ba ne. Ga ciwon sukari, ga hawan jini, kuma ina zargin ƙoda ta fara taɓuwa. Zan ba ku abin da zai riƙe ku, amma ina so likitan cututtukan cikin jiki ya gan ku."

Kawu ya dube shi ya ce, "To kai ba likita ba ne, ɗana?"

"Likita ne ni, Baba, amma a wannan fanni akwai na gabana."

Ya rubuta takardar turawa, ya buga mata hatimi, ya ce in riƙe ta da kyau. Na daɗe ina ganin girman wannan matashi saboda kalmar nan da ya faɗa.

Mutane da yawa sun san likitan ido, da na haƙori, da na mata, da mai fiɗa. Likitan cututtukan cikin jiki kuwa ba kowa ya san da shi ba, alhali shi ne wanda dattawanmu suka fi buƙata. Ba ya fiɗa, ba ya karɓar haihuwa, ba ya duba ƙananan yara. Aikinsa shi ne babban mutum wanda cututtuka suka taru masa, ko wanda aka rasa gane kan ciwonsa. Shi ke haɗa abin da zuciya ke yi da abin da ƙoda ke yi, da hanta, da jini, ya san maganin da zai gyara wannan ya ɓata wancan. Kafin mutum ya kai wannan matsayi sai ya yi shekara bakwai zuwa takwas ya zama likita, sannan ya ƙara huɗu ko biyar yana koyon fannin a babban asibiti. Da yawa daga cikin ƙwararrun ƙasarmu a Dakar, ko Abijan, ko Maroko, ko Faransa suka yi wannan ƙarin karatu. A Nijar mai mutum sama da miliyan 25, inda likita ɗaya ke ɗauke da fiye da mutum dubu 20, ninki biyu na ma'aunin da ake dangantawa da Hukumar Lafiya ta Duniya, irin waɗannan ƙwararru ƙalilan ne, kuma mafi yawansu suna Yamai, inda manyan asibitoci da tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Abdu Mumuni suke. Jami'o'in Maradi da Damagaram su ma suna yaye likitoci yanzu, kuma wannan abin farin ciki ne, sai dai yaye ƙwararre aiki ne na shekaru.

Da aka zauna shawara a gida, an ambaci wurare. Wani ya ce Doso ta fi kusa. Wani ya ce Galmi, asibitin mishan da ke aiki tun 1950, inda mutanen Adar da Arewa suka saba zuwa. Wani ya ce a ƙetara iyaka zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Innata ce ta yanke magana. Ta ce, "A can wa zai dafa masa? Wa zai ba shi tabarma?" Nan take kowa ya yi shiru. Talaka ba ya zaɓen asibiti da sunan likitocinsa, inda yake da masauki can yake nufa. Mu kuwa masaukinmu yana Kirkissoye.

Tun kafin kiran assalatu motar kasuwa ta ɗauke mu zuwa Dogon Dutsi. Gari na wayewa muka hango Tozon Bijini tsaye cikin hazon hunturu. Daga nan muka shiga babbar motar safa, muka hau hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Nijar daga yamma zuwa gabas. Tsakanin Dutsi da Yamai kilomita 270 ne da ƴan kai. Ga mai lafiya tafiyar rabin yini ce. Ga mai ciwon sukari da ba a shawo kansa ba, jarrabawa ce. Mun wuce Kore Mairuwa, mun kusa Bolbol, na lura leɓen Kawu ya bushe, na miƙa masa ruwa ya kau da kai. Ashe tun daren jiya ya daina sha, don kada fitsari ya matsa masa ya tsayar da mota cike da mata da yara.

"Kawu, ku sha don Allah. In ta kama a tsaya, ni zan yi wa direba magana."

"Bari, yaro. Ba a ɗora wa jama'a lalurar mutum ɗaya."

Wata hajiya da ke bayanmu ta ji mu. Ta ɗaga murya ta ce wa yaron mota akwai dattijo marar lafiya, duk inda ya ce a tsaya a tsaya, babu mai gaggawar da ta fi rai. Babu wanda ya yi gunaguni. Kawu ya sha ruwa.

A Doso aka tsaya aka ci abinci, aka duba katin ɗan ƙasa a shingen jami'an tsaro. Daga nan layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 ya biyo mu gefen hanya, babu jirgi a kansa, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafuna. Muka gangara Dallol Boso a Birnin Gaure, inda ƙasa ta yi kore da goruba da lambuna. Wajen Kure mutane suka riƙa leƙe ta taga ko za su ga raƙuman dawa. Kawu bai leƙa ba. Ya cire takalmansa saboda kumburi, ya jingina kai, yana jan carbi.

Da la'asar muka shiga Yamai. Mai taksi ya ce in za a ƙetare kogi kuɗi ya ƙaru, muka amince. Har zuwa 1970, lokacin da aka buɗe gadar Kennedy, wancan ƙetare na Harobanda ƙauyukan Fulani da Zabarmawa ne da gonaki, da jirgin ruwa ake zuwa. Yanzu gada uku ce: ta Kennedy, da ta zumuncin Sin da Nijar ta 2011, da ta Janar Seyni Kunce ta 2021. Ta biyun muka bi. Kogin Isa ya cika fal, abin da ya ba Kawu mamaki, don rabon da a ga ruwan sama tun watan Oktoba. Mai taksi ya bayyana masa cewa ruwan da aka yi a duwatsun Gini ne, sai ya yi watanni yana ratsa ƙasar Mali kafin ya iso Yamai cikin sanyi. A karon farko tun safe na ga Kawu ya miƙe zaune yana kallo.

Kirkissoye tana cikin gunduma ta biyar ta birnin Yamai, amma har yau ba ta rabu da kamannin ƙauye ba. Ga fadamun shinkafa shimfiɗe a gefen kogi, ga lambunan salati da kabeji, ga shanu, ga mata masu tallan nono da safe. Tsakanin gidajen siminti akwai na laka, kuma a jikin katangu da dama za ka ga wani layi mai duhu wanda ya kai ƙugun mutum. Shaidar ambaliya ce. Unguwar a kwari take. A 2012 ruwa ya ci ta, aka kwashe iyalai da yawa na wannan ƙetare zuwa Seno. A 2020 kogin ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa madatsa, ya shiga Lamorde da Kirkissoye da maƙwabtansu. Yaya da mijinta a makaranta suka kwana da yara a wancan lokaci, kuma ɗakin da suka sauke mu sabon gini ne, don na da ya rushe.

Gidan ɗaki biyu ne da zaure da rumfa. Ba mu ne kaɗai baƙi ba. Mun tarar da wata mata daga ƙauyen da ke kusa da namu, tana jiran ranar da za a yi mata aiki a asibitin mata na Isaka Gazobi, tare da ƙanwarta mai jinya. Akwai kuma wani ɗan ɗan'uwan maigidan da ya karye a babur. Mijin Yaya ƙaramin ɗan kasuwa ne a Katako. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Ya bar wa Kawu katifarsa, ya koma zaure. Yaya kuwa tukunya biyu take ɗorawa, ɗaya ta gida, ɗaya marar gishiri saboda Kawu.

Na zauna na yi tunanin wannan abu sosai. Duk wanda ya san unguwannin talakawa na Yamai ya san babu gidan ɗan ƙauye da ba ya saukar marasa lafiya. Wanda ya fito daga Filinge yana da nasa, na Gaya yana da nasa, na Tawa yana da nasa. Ba a rubuta waɗannan gidaje a lissafin ma'aikatar lafiya ba, amma da za su rufe ƙofa, da yawa daga cikin waɗanda ke layi a manyan asibitoci ba za su iso ba. Su ke ciyarwa, su ke ba da kuɗin taksi in na baƙo ya ƙare, su ke raka mutum su yi masa tafinta, in rai ya yi halinsa kuma su ke wanka da sutura. Nisan da ke tsakanin ƙwararren likita da ƙaramin gari, matan irin su Yaya ne ke biyan kuɗinsa da itacensu da shinkafarsu.

Manyan asibitocin gwamnati da ke karɓar irin ciwon Kawu a Yamai sanannu ne. Akwai Asibitin Ƙasa na Yamai, mafi tsufa, wanda tarihinsa ya faro tun 1922. Akwai na Lamorde, a wannan ƙetare kusa da jami'a, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Amiru Bubakar Diallo, kuma can ne aka fi sani da wankin ƙoda. Akwai kuma babban asibitin da ƙasar Sin ta gina, mai gado 500, da aka ƙaddamar a 2016. Sanin sunayen bai wadatar ba. Sai ka san ƙofar da za ka shiga, da ranar da likitan ke ganin masu zuwa daga waje, da tagar da ake yankar tikiti. Allah ya haɗa mu da wani ɗalibin likitanci da ke haya a maƙwabtan Yaya. Ya karanta takardar turawa, ya faɗa mana inda za mu je da lokacin da za mu isa. Ya ƙara da wata shawara: mu tattara duk maganin da Kawu ya taɓa sha, har kwalayen da suka ƙare, har jiƙon da ke cikin gora, mu tafi da su.

Mun yi sammako, duk da haka mun tarar da benci cike. Na ji Zabarmanci, na ji Hausar Adar da ta Gobir, na ji Fulatanci da Buzanci. Kusa da mu wani tsoho ne daga yankin Tera da cikinsa ya kumbura, ɗansa na riƙe da shi. Wata mata daga Madawa ta ce wannan ne zuwanta na farko, amma ciwon ya kai shekara uku. Kusan kowa a bencin nan daga nesa ya zo, kuma kusan kowa ya zo a makare. An yi jira mai tsawo. Da na ga yadda ake ɗaukar lokaci a kan kowane mutum a ciki, sai na daina ganin tsawon jiran.

Likitar mace ce, mai matsakaicin shekaru, Hausarta da ɗan gargadar Zabarmanci. Ta gaida Kawu da ladabi, ta tambayi gida da amfanin gona. Sannan ta ce in juye ledar magungunan a kan tebur. Ta ɗauki kwalaye ɗaya bayan ɗaya, tana ware su gida biyu. Da ta zo kan ƙwayoyin ja da fari, ta tsaya.

"Baba, tun yaushe kuke shan waɗannan?"

"An kwana biyu, Likita. In ban sha ba, ba na iya riƙe hauya."

"Kullum?"

"Kullum."

Diklofenak ne da ibuprofen. Ta ce suna kashe zafi da gaske, amma ga mai hawan jini da sukari suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna riƙe ruwa a jiki, suna ƙara hawan jinin. Daga nan ta shiga tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi masa. Me ya kashe mahaifinsa? Akwai mai irin wannan ciwo a dangi? Fitsarinsa yana kumfa? Yana iya kwanciya a miƙe, ko sai ya tada kai? Tafin ƙafarsa yana yi masa zafi ko yana mutuwa cikin dare? Ta sa ya kwanta, ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta duba jijiyoyin wuya, ta latsa ciki, ta ja fatar idonsa ta duba. Ta sa aka cire masa safa, ta bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa tafin da wani siririn zare tana tambaya ko yana ji. A wurare da dama bai ji ba. A nan ta gano wani ƙaramin miki a ƙasan babban yatsa, wanda ƙaya ta yi masa, shi kansa bai san da shi ba.

Ta rubuta gwaje-gwaje: na aikin ƙoda, na fitsari, na sukari mai nuna yadda jini ya kasance a watanni uku da suka wuce, da awon bugun zuciya, da hoton ƙoda, da duba cikin ido. A nan kuɗin rago ya fara tafiya. Gaskiya ne an samu sauƙi, domin a watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaji a asibitocinta da rabi, ta mai da haihuwa kyauta, ta soke jika 150 da ake biya kafin a fara yi wa mutum wankin ƙoda. Tun 2006 kuma ake duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Amma ragin bai shafi kuɗin mota, da taksi, da abinci, da maganin da za a saya a famasi ba. Magani kuwa ya ƙara tsada tun bayan takunkumin 2023 da rufe iyakar Benin, da kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Kwanakin jiran sakamako a Kirkissoye muka yi su. Da yamma nakan riƙa hannun Kawu mu taka a hankali zuwa bakin fadama. Manomi ne, bai iya ganin gona ya yi shiru ba. Ya samu wani Bazabarme mai jin Hausa yana gyaran magudanar ruwa, suka yi ta hira. Da mutumin ya ce masa sau biyu suke girbin shinkafa a shekara, da injin da ke jawo ruwa daga kogi, Kawu ya girgiza kai ya ce su a Arewa wata uku na damina suke bauta wa shekara. Ya tambayi irin da suke shukawa, da kuɗin taki, da yadda suke korar tsuntsaye. A hanyar komawa ya ce mini, "Ka ga, ruwan da ke ciyar da su shi ke rushe musu ɗaki." Ya fi kowa fahimtar halin masu masaukinmu, kuma abin yana damunsa. Kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu rage wa yarinyar nan nauyi.

Ranar da muka koma da takardu, likitar ta jera su ta duba, sannan ta juya kujerarta ta fuskanci Kawu, ba ni ba.

"Baba, kun san yadda gara ke cin rumbu. Daga waje lafiya lau, ta ƙasa take aiki. Haka sukari da hawan jini suka yi shekaru suna yi muku. Ciwon kai, da ido, da ƙafa, da ƙoda, duk tushensu ɗaya. Ƙodar ta taɓu, amma da sauranta. Abin da ya lalace ba zai dawo ba. Abin da ya rage, in kun taimake ni, za mu tsare shi."

Ta hana shi ƙwayoyin kasuwa da jiƙo baki ɗaya. Ta rage yawan maganin sukari daidai da ƙarfin ƙodar, ta sauya na hawan jini zuwa wanda ke kare ƙoda, ta ƙara wani na rage kumburi. Ledar da ta zo cike ta koma ƙwayoyi kaɗan. Ta yi maganar abinci da sunayen da ya sani: a rage gishiri da dunƙule da kanwa a miya, a bar sukari a fura da shayi, a rage malmalar tuwo a ƙara ganye, kada ya ƙara shiga gona babu takalmi, kuma kowane dare a duba masa ƙafa da fitila. Da ya tambayi azumi, wanda ya rage ƴan makonni, ta ce a shawararta bana ya sha, kuma ya tambayi malaminsa, zai ji cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Wannan ta fi komai yi masa nauyi. Ya yi shiru, daga baya ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Abu na ƙarshe da ta yi shi ne wanda na fi yabawa. Ta rubuta wasiƙa zuwa ga matashin likitan gundumarmu, ta bayyana abin da ta gano, da maganin da ta ba da, da gwajin da za a riƙa maimaitawa, da alamun da in an gani a dawo da shi ba tare da jinkiri ba. Ta ce ya dawo bayan wata uku.

Wata uku. A mota, kan hanyar komawa, wannan kalma ce ke yawo a kaina. Ciwon sukari da hawan jini ba a warkewa, rainonsu ake yi har ƙarshen rai. Wanda ya sayar da rago ya zo sau ɗaya, me zai sayar ya zo na biyu da na uku? Da yawa daga cikin mutanen da muka zauna benci ɗaya da su ba za su dawo ba. Za su sha maganin har ya ƙare, su ji sauƙi, su bari, sai ranar da aka kawo su a kwance, jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Wankin ƙoda kuma ba a yin sa a ƙaramin gari. Wanda ya kai wannan mataki sai ya bar gonarsa da iyalinsa ya tare a birni, a gidan wani ɗan'uwa.

Ba na cewa a kai ƙwararre kowane ƙauye, don babu su da yawan haka. Amma ƙasar nan ta taɓa warware irin wannan matsala. Da aka ga mata na mutuwa wajen haihuwa saboda rashin mai fiɗa, an ɗauki likitocin gunduma an koya musu tiyatar gaggawa, kuma ga shi suna yi. Ana kuma tura ayarin masu fiɗa da likitocin ido zuwa jihohi su yi kwanaki suna aiki. Me zai hana a yi wa cututtukan dattawa haka? A ba likitocin gunduma horo na musamman kan sukari da hawan jini da ƙoda. A tsara ranakun da likitan cututtukan cikin jiki zai riƙa sauka a asibitocin gunduma, a sanar a rediyo. A tabbatar kowane CSI yana da abin awon jini da na sukari masu aiki, da maganin da ba ya yankewa. A buɗe hanyar da likitan ƙauye zai tura sakamakon gwaji ta waya, ƙwararre ya duba ya ba shi amsa. Ina roƙon ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci su dubi wannan, domin mai tafiya ɗaya ya fi sauƙi a kan marasa lafiya ɗari.

Kawu yana gida. Kumburin ya sauka, mikin ya warke, manjo yana auna shi ranar kasuwa yana rubutawa a littafi, likitan gunduma kuma yana bin abin da wasiƙar ta ce.

Kai kuma mai karatu, in akwai wanda ya haura shekara arba'in a gidanku, ka kai shi a auna masa jini da sukari ko da bai ce yana ciwo ba. In an ce a tafi wurin ƙwararre, ka karɓi takardar turawa, ka haɗa duk tsofaffin takardu da duk maganin da ya sha, na likita da na kasuwa da na gargajiya, kada ka ɓoye ko ɗaya. Kuma in za ka sauka gidan ɗan'uwa a birni, ka tafi masa da hatsi.